Kokawa da ciwon asma: Me ke gina tsoka, abinci ko maganin shaƙa?

Da zarar an kammala girbi, filayen kokawa kan cika a garuruwan jihar Damagaram, ciki har da Gidimuni, garin tafki da dabino da ke gabas da birnin Damagaram. Burin kowane matashi shi ne wata rana ya wakilci jiharsa a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975.

Sai dai lokacin kokawar shi ne lokacin hunturu, kuma ƙurarsa na tayar wa masu ciwon asma cutarsu. Shi ya sa ya kamata ɗan kokawa ya san tasirin maganin shaƙa a jikinsa.

Maganin da aka fi sani shi ne salbutamol, wanda ake sayarwa da sunan Ventolin. Aikinsa buɗe hanyoyin numfashi. Yana cikin dangin magungunan da ke iya ƙara tsoka idan an sha su da yawa, amma shaƙa ɗaya ko biyu da likita ke rubutawa ba ta kai wannan matakin ba. Wanda ya wuce ƙima kuwa, zai gamu da rawar hannu, bugun zuciya da sauri da raguwar sinadarin fotasiyam a jini, abin da kan iya rikita zuciya.

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta amince da shaƙar salbutamol matuƙar bai wuce maikrogiram 1,600 a awa 24 ba. Ɗan'uwansa clenbuterol kuwa haramun ne gaba ɗaya, kuma saboda shi aka ƙwace wa ɗan tseren keke na Sifaniya Alberto Contador kambunsa na gasar Tour de France ta 2010.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su dexamethasone da wasu ke sha domin su yi ƙiba. Waɗannan kumbura fuska da ciki suke yi, alhali suna zaizaye tsokar cinya da ta kafaɗa.

Ainihin abin da ke gina tsoka shi ne atisaye mai nauyi, barci da sinadarin furotin. Bincike ya nuna cewa mai atisaye na buƙatar kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, kuma ƙari a kan haka ba ya ƙara wani abin kirki. Ke nan mai kilo 80 na buƙatar giram 128.

Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da sama da giram 20, ƙwai ɗaya kusan giram 6. Ga kifi, nono, ƙuli-ƙuli, kilishi da fara. An fi samun amfani idan aka rarraba su safe, rana da dare.

Mai asma ba ya barin maganinsa saboda kokawa. Amma duk wanda ya ga yana yawan buƙatar shaƙa a mako, alama ce cutar ta fi ƙarfin kulawar da yake samu, sai ya garzaya asibiti kafin ya koma fili.