Nnedi Okorafor: marubuciyar da ta hango Nijar ta shekarar 2070

A shekarar 2007 wani littafi mai suna The Shadow Speaker ya fito a Amurka, amma a ƙasar Nijar labarinsa yake faruwa, cikin shekarar 2070. Jarumarsa wata yarinya ce, Ejii, wadda ta ratsa hamada bayan wani babban sauyi ya birkita duniya. Wadda ta rubuta shi, Nnedi Okorafor, an haife ta a Amurka a 1974, iyayenta kuwa Ibo ne ƴan Najeriya.

Irin wannan rubutu shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. Marubuci yakan ɗauki wata fasaha ko wani canji da ake gani yau, ya tambayi kansa: in abin ya ci gaba a haka, ina mutane za su kwana? Ba baƙon abu ba ne a Hausa. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya.

Okorafor ta fara rubutu tana da shekara 19, tana kwance bayan aikin ƙashin baya da ya hana ta tafiya na wani lokaci. A littafinta na 2019 kan tarihin rayuwarta, ta nuna cewa wannan jarrabawa ce ta buɗe mata ƙofar ƙirƙira.

Babban ra'ayinta shi ne labarin gobe ya tashi daga Afirka kanta, daga al'adunta da tarihinta, ba sai an auna shi da ma'aunin Turai ba. A 2019 ta yi bayanin wannan tafarki, wanda ta kira Africanfuturism. Shi ya sa a littattafanta ake samun na'ura da iskoki a gida ɗaya, kamar yadda mutum yake riƙe da salula a hannu da laya a aljihu. Littafinta Binti ya ci kyautar Hugo a 2016, alamar cewa masu karatu na nesa ma suna bin labarin da bai sauya kamanninsa don ya faranta musu ba.

Game da masu karatu, littafinta na 2025, Death of the Author, ya kawo wata marubuciya da labarinta na mutum-mutumi ya yi suna, sai masu sharhi a intanet da masu shirya fim suka shiga juya shi yadda suke so. Tambayar da ya bari ita ce: in labari ya bar hannun mai shi, na wane ne?

Wannan magana ta shafi Gure. A nan rairayi yana cin gonaki da kwarurukan dabino, mutane suna kafa shinge don tsare shi, ga faifan hasken rana da salula sun shiga ƙauyuka. Duk kayan labarin gobe ne. Sai dai da Ingilishi Okorafor take rubutu, wasu littattafan kuma an fassara su da Faransanci. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Abin da ya rage shi ne a samu matasan da za su rubuta Gure ta 2070 da harshen da iyayensu suke ji.