Zafi Mai Sauyawa a Cikin Kwaikwayon Da'irar Lantarki

Batunmu na yau shi ne yadda injiniya kan jarraba da'irar lantarki a kwamfuta tun kafin a ƙera ta, da kuma matsayin zafi a wannan jarrabawa.

Manhajar da ta kafa harsashin wannan aiki ita ce SPICE, wadda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, a shekarar 1973. Bisa al'ada, takan ɗauka cewa da'ira duka tana kan digiri 27 na ma'aunin Salsiyas, kuma ko an sauya wannan adadi, a nan zai tsaya cak har ƙarshen gwajin.

To, a nan gizo ke saƙa. Tiransista kan ɗumama kansa yayin aiki. Duk ƙarin digiri ɗaya kan rage ƙarfin lantarkin da yake bukata don ya buɗe da kimanin milibolt 2. Ke nan kwararar lantarki ta ƙaru, ita kuma ta ƙara zafi, har na'urar ta kai ga ƙonewa, alhali kwamfuta ta ce lafiya lau.

Harshen Verilog-A, wanda aka fitar a 1996, ya ba injiniya damar rubuta halayyar na'ura da lissafi. Sai dai umurninsa na $temperature karanta zafi kurum yake yi, a ma'aunin Kelbin. Ba ya sauya shi. Dabarar masana kuwa ita ce su ƙara wa na'urar wata kafa ta musamman, inda ƙarfin lantarki ke wakiltar zafi, kwarara kuma ke wakiltar wutar da ake ƙonawa. Sa'an nan rizista ya tsaya a madadin wuyar ficewar zafi, kafasita kuma a madadin jinkirin ɗumama. Ta haka zafi kan hau ya sauka tare da lokaci, lissafin na'urar yana biye da shi.

Amma a lura: na'urar da aka rubuta don ta karanta wannan kafa ce kaɗai ke jin sauyin. Sauran suna nan kan digiri 27. Saboda haka, lalle ne injiniya ya bi na'urorin da'irarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da inda kowace ke samun zafinta, kafin ya amince da sakamakon.