Ko Kun Sani? Maigidan Zangon Lome

Ko kun san kasuwancin Hausawan Zangon Lome ya shiga littafin bincike tun 1983? A shekarar ce Michel Agier, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya wallafa nazarinsa kan 'yan kasuwar unguwar, bayan da hukuma ta rushe tsohon zangon a 1977, ta mayar da mutanensa arewacin birni.

Tsarin maigida da Agier ya bayyana a zangon kuwa ya isa a koyar da shi a kowace makarantar kasuwanci. Falke ya iso da shanu daga arewa, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, dillalansa su nemo mahauta. In an ɗauki shanu bashi, shi ke tsayawa lamuni har kuɗi su fito.