Wayar da Aka Auna da Jikin Ɗan Adam

A ranar 9 ga Janairu, 2007, shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya hau dandamali a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, ya nuna wa jama'a wata sabuwar wayar hannu mai suna iPhone. Ba a sa ta a kasuwa ba sai ranar 29 ga Yuni, wato kusan wata shida bayan haka. A tsawon wannan jira, masu sha'awa da masu shakka sun yi ta muhawara a kan tambaya guda: shin wayar da ba ta da maɓallan rubutu za ta yi aiki kuwa? Amsar tana cikin ilmin lantarki, tana kuma cikin ilmin halittu, domin kusan kowane sashe na wannan waya da jikin ɗan Adam aka auna shi.

Abin da ya gabata

iPhone ba ita ce wayar komai-da-ruwanka ta farko ba. Tun a 1994 kamfanin IBM ya fitar da wata mai suna Simon, wadda ake taɓa allonta da ɗan tsinke. Nauyinta ya kai rabin kilo, batirinta kuma ba ya wuce kimanin awa ɗaya ana magana. Ba ta daɗe a kasuwa ba. Waɗanda suka yi tashe daga baya, irin su BlackBerry, ƙananan maɓallai ne suka cinye kusan rabin fuskarsu. Saboda haka da aka ga waya mai maɓalli ɗaya tak a gaba, kuma kuɗinta dala 499 ko 599, mutane da yawa suka ce kamfanin ya ɗebo ruwan dafa kansa. Steve Ballmer, shugaban Microsoft a wancan lokaci, ya yi mata dariya a wata hira, yana mai nuni da tsadarta da rashin maɓallanta.

Girman tafin hannu

Abu na farko da masu tsara waya ke dubawa shi ne hannun da zai riƙe ta. Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27, kuma babban yatsansa yana iya lanƙwasowa ya sadu da kan kowane ɗaya daga sauran yatsu huɗu. Wannan baiwa ce ke ba mutum damar riƙe abu da yatsu huɗu yana sarrafa shi da na biyar. Tsawon iPhone ta farko milimita 115 ne, faɗinta 61, kaurinta 11.6, nauyinta kuma giram 135. Allonta inci 3.5 ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Da wannan ma'auni, babban yatsan baligi zai iya kaiwa kusan ko'ina a allon ba tare da an sa hannu na biyu ba. Wayoyin da suka biyo baya sun ƙara girma, shi ya sa sau da yawa ake ganin masu su suna haɗawa da hannu biyu.

Yadda allo ke gane yatsa

Yawancin allunan taɓawa na da, danni suke ji. Shimfiɗu biyu ne a cikinsu da ɗan sarari a tsakani. Idan aka danna, ta sama ta taɓa ta ƙasa, sai na'urar ta gane wurin. Tsinke ko farce ko murfin biro duk suna yi, amma wuri ɗaya kawai irin wannan allo yake ganewa a lokaci guda.

Allon iPhone kuwa wata hanya ya bi. A ƙarƙashin gilashinsa akwai siraran layuka masu ɗaukar lantarki, waɗanda haske ke ratsawa, an jera su tsaye da kwance kamar saƙar tabarma. A kowace mahaɗa akwai ɗan cajin lantarki. To, kimanin kashi 60 cikin ɗari na jikin baligi ruwa ne, kuma ruwa ne mai gishiri, wanda lantarki ke iya bi ta cikinsa. Idan yatsa ya sauka a kan gilashin, sai ya janye wani ɗan abu daga cajin mahaɗar da ke kusa da shi. Na'urar tana auna dukan mahaɗun sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ta haka take gane inda aka sami canji. Tunda kowace mahaɗa daban ake auna ta, allon zai iya bin yatsu biyu a tare, abin da ya sa ake iya buɗa hoto ko a tsuke shi da yatsu biyu.

Malami zai iya nuna wannan a cikin aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A taɓa allon waya da busasshen kara ko murfin biro, ba abin da zai motsa. A riƙe ɗanyen karas da hannu, a ɗora gefensa mai faɗi, sau da yawa allon zai amsa, domin ruwan da ke cikin karas ɗin ya haɗa allon da jikin mai riƙe da shi. Dalilin ke nan da safar hannu mai kauri ke hana waya aiki, haka nan wanda fatar yatsansa ta bushe ta yi kaushi da hunturu kan ga allo yana yi masa gardama.

Abin da aka rasa

Masu shakka suna da hujjarsu. Kan yatsa na daga cikin wurare mafiya jin taɓi a jikin mutum, har yana iya bambanta tsini biyu da ke da tazarar milimita 2 zuwa 3 kacal. Mai rubutu da maɓallai yana jin gefen kowane maɓalli da nutsewarsa, don haka yakan rubuta saƙo ko bai duba ba. A kan gilashi sumul babu wannan labari da fata ke kai wa ƙwaƙwalwa, ga shi kuma yatsa ya fi kowane harafi da ke allon faɗi. Injiniyoyi sun toshe wannan giɓi da manhaja: harafin da aka taɓa yakan faɗaɗa ya leƙo sama da yatsa domin ido ya tabbatar, wayar kuma tana hasashen kalmar da ake nufi ta gyara kuskure. Wato aikin da fata ke yi a da, an mai da shi ga ido da kwamfuta.

Gaɓoɓin ji uku

An sa wa wayar ƙananan na'urori uku masu kama da gaɓoɓin jiki. Ta farko ma'aunin motsi ce, wadda ke gane ko wayar a tsaye take ko a kwance, ta juya hoto daidai da haka. A cikinta akwai ɗan nauyi da ke gocewa idan an karkata wayar. Can cikin kunnen mutum ma akwai ƙananan duwatsun alli da ke kan wasu gasu masu laushi, waɗanda gocewarsu ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya karkata. Ta biyu tana auna hasken wuri ta ƙara ko ta rage hasken allo, kamar yadda baƙin ido ke tsukewa a rana ya buɗe a duhu. Ta uku tana aika wani haske da ido ba ya gani, idan ya dawo mata da ƙarfi sai ta gane an kara waya a kunne, ta kashe allon. Ba don ita ba, da kunci ya riƙa danna lambobi ana tsakiyar magana, tunda shi ma fata ce mai ɗaukar lantarki.

Daga roba zuwa gilashi

Wayar da aka nuna a Janairu fuskar roba gare ta, roba kuwa ba ta jure gogayya da makullai a aljihu. Ranar 18 ga Yuni, saura kwana 11 a fara sayarwa, Apple ya sanar cewa an koma gilashi, kuma batirin zai kai awa 8 ana magana maimakon 5 da aka faɗa da farko. Kamfanin Corning ne ya samar da gilashin. Ana tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kimanin digiri 400 a ma'aunin Salsiyas. Ƙwayoyin sodiyam da ke saman gilashin sai su fita, na fotasiyam, waɗanda suka fi su girma, su cusa kansu a gurbinsu. Cunkoson da ya biyo baya yana matse saman gilashin, ya hana ƙaramin tsagi yaɗuwa. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna cewa shige da ficen waɗannan sinadarai biyu ne ke tafiyar da saƙo a jijiyoyin da ke haɗa yatsa da ƙwaƙwalwa.

Gani ya kori ji

Kwanaki kafin ranar sayarwa, mutane suka yi layi a ƙofar shagunan Apple a New York da wasu birane. Wayar ta zo da nata naƙasu: intanet ɗinta ba ya sauri, kyamararta mai megafiksel 2 ba ta ɗaukar bidiyo, kuma mai ita ba zai iya cire batirin da kansa ba. Duk da haka an sayar da miliyan ɗaya cikin kwana 74, kuma cikin 'yan shekaru manyan kamfanonin waya suka koma ga allon yatsa.

Darasin da ke nan ga ɗalibi shi ne cewa rabon da ake yi wa kimiyya a jadawalin makaranta, wannan Fiziks, wannan Kemistiri, wancan Bayoloji, don sauƙin koyarwa ne kawai. Injiniyan da bai san faɗin yatsa da ruwan da ke cikinsa ba, zai ƙera na'urar da hannu zai ƙi karɓa, komai kyanta.