Na'ura Ma Tana Bukatar Adireshin Dindindin

A kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda ta mamaye Titin Otigba da kewayensa, akwai kukan da masu shaguna, har da Hausawan Agege, kan kai wa masu gyara: an ɗauke wuta, an maido, sai kwamfuta ta kasa gano firinta ko kyamarar tsaro.

Dalili kuwa, rauta, wato akwatin da ke raba intanet, aron adireshi take bai wa kowace na'ura, kuma takan sauya shi idan ta sake tashi. Maganin abin shi ne adireshin dindindin.

A Windows, sai a shiga saitin sadarwa, a zaɓi IPv4, a rubuta abu huɗu da hannu: adireshi, misali 192.168.1.50, lambar iyaka, 255.255.255.0, ƙofar fita, wato adireshin rautar, galibi 192.168.1.1, sannan lambar DNS. Firinta da kyamara ma haka ake yi musu a nasu saitin.

Amma fa a yi hattara. A zaɓi lambar da ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa, domin idan na'urori biyu suka haɗa adireshi, sadarwarsu takan tsinke. Kada mai shago ya bari sai ranar da ɓarawo ya shigo sannan ya tarar ba a ɗauki hoton komai ba.