Yadda za a inganta kamun rediyon gajeren zango a cikin ɗaki

A farkon watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da layi a Gusau a farkon Oktoba, amma garuruwan yammacin jihar, irin su Anka da Gummi da Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, sun ci gaba da zama babu kira babu intanet na tsawon makonni bayan haka. A wannan lokaci rediyo ce ta zama kafar da ta rage wa ɗan kasuwa da ma'aikaci ta sanin halin da ƙasa ke ciki.

Tashoshin FM na Gusau ba su cika isa wannan yanki da ƙarfi ba, domin zangon FM a miƙe yake tafiya, kuma tsakanin Gusau da Bukkuyum ya haura kilomita 100. Gajeren zango kuwa yana tsallake wannan nisa da abin da ya ninka shi sau da yawa. Yana kuma tsallake iyakokin ƙasashe: lokacin da hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a watan Agustan 2023, sannan BBC a watan Disamban 2024, tashoshin FM da ke cikin ƙasar ne umarnin ya iya rufewa.

Sai dai masu saurare da yawa na kukan cewa rediyon da ke magana tar a tsakar gidan ƙauye, da an shiga da ita ɗakin haya na siminti, ko gidan bene a Gusau ko Sakkwato ko Kano, sai ta koma ƙugi da shuu. Akasari ba rediyon ce ta lalace ba, kuma tashar ba ta yi rauni ba. Ɗakin ne ya cika da hayaniyar lantarki. Wanda ya gane haka zai iya gyara kamunsa da kuɗi kaɗan.

Yadda muryar ke isowa

Gajeren zango shi ne tsakanin megahaz 3 zuwa 30. Tasha tana harba igiyarta sama, ta tarar da wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, wanda hasken rana ke samarwa a nisan ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, sai ya lanƙwaso ta ya dawo da ita can nesa. Ta haka ne shirye-shiryen Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a ranar 13 ga Maris 1957, suka daɗe suna isowa Arewa daga tashar tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atlantika, mai nisan kimanin kilomita 3,000 daga Zamfara. RFI, wadda ta buɗe sashen Hausa a 2007, tana da babbar tasharta a Issoudun ta ƙasar Faransa.

Igiyar da ta yi irin wannan tafiya takan iso a gajiye. Kafin ta kai ga eriyar rediyo kuma sai ta ratsa rufin kwano, da rodin da ke cikin dakin bene, da ƙarafan taga, kowanne yana rage mata ƙarfi. Gidan ƙasa mai rufin azara ba ya tare ta haka, shi ya sa tsofaffi ke cewa rediyo ta fi kama a da.

A fara da gano mai hayaniya

Babban abokin gabar gajeren zango a yau shi ne kayan lantarkin zamani. Cajar waya, da kwan fitila na LED, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, da talabijin da dikodarsa, duk suna aiki ne ta hanyar yanke wuta da mayar da ita sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane yankewa yana fitar da 'yar igiyar rediyo, wayoyin da ke cikin bango kuma su watsa ta kamar eriya. Kaya masu inganci suna da matatar da ke rage wannan hayaniya, masu araha kuwa galibi an cire musu ita domin a rage farashi. Araha dai ba ta ado. Ƙaramin janareton fetur ma yana da nasa, domin tartsatsin filoginsa yana shiga rediyo da sauti irin na fashewar gugguru.

Gwajin ba shi da wuya. A sa wa rediyo batir, a kamo tashar da ake so, sannan a kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, har da inbata. Idan muryar ta washe, to mai laifin yana cikin gida. Sai a riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya har ƙugin ya dawo. Ana kuma iya kai allurar rediyon wurin da babu tasha, a zaga ɗakin da ita a hannu, duk inda ƙarar ta ƙaru, nan matsalar take.

Da an gano shi, a cire shi daga soket a lokacin labarai, ko a nisanta rediyon da shi da aƙalla mita 2, domin irin wannan hayaniya tana raguwa da sauri idan aka ja baya. A guji kunna rediyon da adafta mai araha, batir ya fi tsabtar murya nesa ba kusa ba. Dunƙulen baƙin nan da ake gani a jikin wayar tsohuwar kwamfuta an yi shi ne domin shanye hayaniya, idan aka samu irinsa aka naɗa wayar caja sau uku ko huɗu a cikinsa, yakan taimaka.

Idan kuwa an kashe komai ƙugin bai tafi ba, daga maƙwabta yake zuwa ko daga layin wuta na waje. A nan ne maganar wuri da eriya take shigowa.

Wuri da waya

Tsakiyar ɗaki shi ne wuri mafi muni. A kai rediyon bakin taga ko baranda, a zaɓi ɓangaren da ya yi nesa da mita da tiransifoma da inbatan maƙwabci. Wanda ke zaune a saman bene ya fi na ƙasa sa'a. Sau da yawa matsar da rediyo taku biyu kawai yana raba tsakanin ƙugi da magana.

Mataki na gaba shi ne ƙara wa eriya tsawo. Ana bukatar siririyar wayar tagulla mai rigar roba, mita 5 zuwa 10. A fitar da ita ta taga, a ɗaure bakinta da igiyar leda ko zare a jikin bishiya ko sanda, yadda za ta ɗan nisanci bango, kada kuma ta taɓa kwano ko ƙarfen taga. Ɗaya bakin a naɗa shi sau biyar zuwa goma a jikin eriyar rediyon ba tare da an feɗe robar ba. Igiyar za ta tsallaka ta cikin robar, rediyon kuma ta tsira daga tartsatsin da busasshiyar iskar hunturu kan tara a doguwar waya, wanda ke iya ƙona kayan cikinta.

Akwai masu ganin cewa gwargwadon tsawon waya gwargwadon kyan kamu. Ƙananan rediyoyi irin su Kchibo, da suka cika kasuwanninmu, an ƙera su ne domin gajeriyar eriyarsu. Idan aka ɗura musu waya mai mita 30 sai su ƙoshi fiye da kima, a ji tashoshi biyu ko uku sun hau kan juna. Wanda ya ji haka ya rage naɗin, ko ya rage tsawon wayar. Wasu rediyoyi, kamar Tecsun PL-660, suna da ramin saka eriyar waje da maɓallin rage ƙarfin igiya domin wannan dalili.

Zobe ga wanda ba shi da fili

Ba kowane mai haya ne maigida zai bari ya ja waya a waje ba. Mafita a nan ita ce eriya mai siffar zobe. Ana lanƙwasa waya mai kauri ko siririn bututun tagulla ya zama da'ira mai faɗin kimanin mita 1, a haɗa bakunansa biyu da kondansa mai juyawa, wato abin da ke motsi a cikin tsohuwar rediyo idan ana neman tasha. A cikin babban zoben ana rataya ƙarami, mai kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa, ba tare da sun taɓa juna ba, shi ne ake haɗawa da rediyo. Zobe mai wannan girma yana iya ɗaukar daga wajen megahaz 5 zuwa sama da 15, wato yawancin zangunan da ake jin Hausa a kansu.

Amfaninsa biyu ne. Ba ya kwasar hayaniyar kayan ɗaki kamar yadda miƙaƙƙiyar waya ke yi, sannan yana da ɓangaren da ba ya ji, don haka ana iya juya shi a hankali har ƙugin maƙwabci ya dushe, tashar ta fito. Duk mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya haɗa shi daga tsofaffin kayan da ke shagonsa.

Kowane lokaci da mitarsa

Wani abin da ke rikita masu saurare shi ne neman tasha a mitar da ba ta dace da lokacin ba. Lambar mita tsawon igiyar ce, ana samun ta idan aka raba 300 da adadin megahaz, shi ya sa ɗan sama da megahaz 6 ke kan mita 49, ɗan sama da megahaz 15 kuma ke kan mita 19. Da rana, ƙasan rufin nan na sama yana shanye ƙananan megahaz, don haka mita 19 da 16 da 13 ne ke aiki. Da dare da kuma asuba wannan sashe yana bajewa, sai mita 49 da 41 da 31 su farfaɗo. Mita 25 tana tsaka-tsaki, ta fi kyau da hantsi da yamma.

Manyan tashoshin duniya suna sauya jadawalinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. Wanda ya nemi tasharsa ya rasa a waɗannan makonni, ya duba wata mitar kafin ya ɗauki rediyo zuwa wurin gyara. Yana da kyau a rubuta lambobin da ake sanarwa a farko ko ƙarshen shiri, a liƙa a bayan rediyon. Wani lokaci kuma tashar ce ta yi shiru daga tushe, kamar yadda ya faru da Sashen Hausa na Muryar Amurka a watan Maris na 2025, bayan umarnin Shugaba Donald Trump na rage ayyukan hukumar da ke kula da ita. Wannan babu eriyar da za ta magance shi.

Ga matsakaicin zango, inda Rediyon Tarayya na Kaduna ya yi suna a kan kilohaz 594, dogon ƙarfen waje ba ya aiki. Eriyarsa wata sanda ce da ke kwance a cikin rediyon, don haka akwatin ne ake juyawa har murya ta fito.

Kafin a yi tunanin sayen sabuwa, a duba tsohuwar. Batirin da ya yi sanyi yana rage kamu tun kafin ƙarar ta ragu. Tsatsa a mazaunin batir, da kusar gindin eriya da ta yi sako-sako, su ne ciwon rediyoyi da dama, kuma gyaransu bai wuce minti biyar ba. Idan sayen ya zama dole, mai nuna lamba a fuska ta fi mai allura, domin za ta kai mutum kan tashar kai tsaye. Abin sawa a kunne kuma yana fito da maganar da lasifika ke haɗiyewa.

Rai ya fi labari

Wayar eriya ba ta ratsawa ta sama ko ta ƙarƙashin layin wuta, kuma ba a ɗaure ta a jikin turken lantarki, ko da unguwar ta shafe watanni babu wuta, domin babu wanda ake sanarwa ranar da za a dawo da ita. Haka nan ba a cusa ta a ramin soket da sunan neman kamu, wannan ganganci ne da ke iya kisa.

Da damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, da zarar hadari ya haɗu a cire wayar daga jikin rediyo a fitar da bakinta waje. Ba sai aradu ta faɗo a kanta ba, walƙiyar da ta sauka a kusa ma tana iya tura wuta mai ƙarfi ta cikinta zuwa ɗaki. Fashe-fashen da ake ji a rediyo kafin ruwa ya sauko alamar walƙiya ce daga nesa, kuma gargaɗi ne da ya kamata a ɗauka.

Mai haya ya nemi izinin maigida kafin ya rataya wani abu a waje, ya kuma ɗaga wayar sama da inda yara da dabbobi za su kai. Idan aka bi waɗannan matakai a jere, wato kashe mai hayaniya, matsawa bakin taga, ƙara 'yar waya ko zobe, da zaɓen mitar da ta dace da lokaci, rediyon da aka jefa a ƙasan gado za ta iya komawa bakin aikinta, da batir biyu da waya mita goma.