ƘANANAN JIRAGEN KATAKO: BORNO MA TANA DA NATA

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin sha'awa da magidanta, har da dattijai masu furfura, sukan ɓatar da lokacin hutunsu a kansa, watau harhaɗa ƙananan jiragen ruwa na katako. Mutum yakan sayi kwali guda daga kamfanoni irin su Billing Boats na Danmak ko Amati na Italiya. In ya buɗe sai ya tarar da siraran katakai, da zare, da ƙyalle, da 'yan ƙusoshi na tagulla, da kuma babbar takarda mai zanen jirgin. Sauran aiki kuwa nasa ne.

Da farko yakan kafa ƙashin bayan jirgin, kana ya jera haƙarƙarinsa, ya tabbata kowanne ya tsaya sak. Daga nan sai aiki mai cin rai, watau lulluɓe haƙarƙarin da katakai ɗaya bayan ɗaya. Tilas a jiƙa kowane katako a ruwan zafi har ya yi laushi ya lanƙwasu, a fiƙe bakinsa wajen goshin jirgi, a shafa gam, a danne shi da ƙusa har ya bushe. Wanda ya yi garaje ya lulluɓe gefe guda kafin ɗayan, jirginsa zai murɗe, kuma babu gyara sai warwara. Bayan an goge an yi fenti, sai a kafa sanduna a ɗaura igiyoyi. Babban jirgi irin Victory, wanda Nelson ya yi yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805, yakan ci wa mutum shekara ko fiye. Mahaƙurci mawadaci.

BA WASAN YARA BA NE

Mai karatu zai iya cewa ai wannan aikin marasa aikin yi ne. To, amma tarihi ya nuna akasin haka. A 1920 masu binciken kayan tarihi sun buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafada na ƙasar Masar da ya rasu shekaru wajen 4,000 da suka wuce, suka sami ƙananan jirage na icce, da matuƙansu da masuntansu. Jiragen ainihi na wancan bafade sun daɗe da zama ƙasa, amma 'yan ƙananan sun nuna wa duniya siffarsu. Haka kuma a Ingila, tun ƙarni na 17 ake ƙera ƙananan samfurorin jiragen yaƙi bisa awo, kuma da su masana ke gane yadda aka gina jiragen da suka ruɓe ko suka nutse. Ashe ƙaramin jirgi littafi ne da aka rubuta da icce.

Abin tambaya shi ne, in yaron Maiduguri zai rubuta irin wannan littafi, jirgin wa zai ƙera? Ba sai ya yi aron na Nelson ba, domin ƙasar Borno tana da nata.

JIRAGE UKU NA ƘASAR NAN

Na farko shi ne kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, wanda a lokacin yake cikin Jihar Borno, yanzu kuwa Yobe, sai ya ci karo da icce a zurfin mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus, watau Abubakar Garba da Peter Breunig da abokan aikinsu, suka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, shekarunsa kuwa kimanin 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, kuma goshinsa da bayansa an fiƙe su da gwaninta, alamar sana'ar ta riga ta nuna tun kafin zamaninsa.

Na biyu shi ne jirgin ciyawa na Buduma, mazauna tsibiran Tafkin Cadi, waɗanda sukan ɗaure dammunan wata doguwar ciyawar ruwa su yi jirgi mai goshi a ɗage. Sa'ad da Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, ya so ya gwada ko mutanen Masar na dā za su iya ƙetare Tekun Atalantika, maginan Tafkin Cadi ya ɗauko suka ɗaura masa jirginsa mai suna Ra a 1969. Jirgin ya tashi daga Safi ta Maroko, ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin bayansa ya rusuna cikin ruwa a bar shi. Heyerdahl ya ɗora laifin a kan igiya guda da ke cikin zanen Masarawa, wadda aka raina aka bari. Duk mai harhaɗa ƙaramin jirgi ya san wannan darasi.

Na uku baƙo ne, amma ya shiga tarihin Borno. A zamanin Shehu Umar, ayarin Turawan da Heinrich Barth yake ciki ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus da jirgin katako gunduwa-gunduwa bisa raƙuma. Aka harhaɗa shi a bakin tafki kusa da Kukawa a 1851, Adolf Overweg ya shiga ya zaga tsibiran Buduma. Ke nan harhaɗa jirgi daga guntaye ba sabon abu ba ne a nan.

ABIN DA KE NEMAN SALWANTA

A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 bai fi kashi ɗaya cikin goma na haka ba, ko da yake ruwan yakan ƙaru a shekarun damina mai albarka. Sai kuma rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ya tarwatsa masunta da masassaƙa, da yawansu suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri. Sana'ar da ba a rubuce take ba, a hannu da ido take zaune. In mai ita ya yi shekara goma bai taɓa gizago ba, ɗansa bai ga abin koyi ba ke nan.

Kada kuma a ce birnin tudu ba ruwansa da jirgi. Ran 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Litinin da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, kwalekwale na cikin abubuwan da suka fid da bayin Allah daga gidajensu.

SHAWARA

Ba a bukatar kwali daga Turai. Yaran da ke ƙera motar kara da ta waya sun riga sun mallaki hannun. Awo ne kawai ya rage musu. In aka rage kwalekwalen Dufuna sau 20, zai zama santimita 42 a tsawo, biyu da rabi a faɗi, abin da guntun maɗaci daga shagon kafinta da wuƙa mai kaifi za su wadatar. Na Buduma kuwa busasshiyar ciyawa da zare ne.

Saboda haka muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Maiduguri, da malaman sassaƙa na makarantun sakandare, da su nemi tsofaffin masassaƙa ta hanyar 'yan kasuwar kifi ta Titin Baga, su zauna da su, su auna, su zana kowane irin jirgi da sunayen sassansa da Barbarci da Hausa da Budumanci. Daga zanen sai a yanka katakai a zuba a kwali, a raba wa ɗalibai. A biya dattijan haƙƙinsu, a kuma rubuta sunayensu a gindin kowane jirgi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin waɗanda suka san tafkin a cike ba su rage da yawa ba.